Mikiyar da Aka Ara Wurin Baba

Kakarmu ta cika mana kunne da tatsuniyar mikiya mai rama alheri: ka cece ta yau, gobe ta sako maka arziki daga sama. Baba dariya yake yi mata. Amma ranar da ya tarar da wata mikiya a tafkin Mandera, raga ta naɗe ta, fiffike ya karye, cikin rigarsa ya rungumo ta har gida.

Mai cin kifi ce, kai fari, wutsiya fara, ido kamar na mai bin haƙƙi. Ba ta da godiya ko kaɗan. Ni da nake miƙa mata abinci, har yau tabon farcenta na hannuna.

Shekarar da farar hula suka nemi komawa mulki ce, damina ta yi gardama, gero ya yi tsada. Kifin da Baba zai kamo mu ɗanɗana miya, sai ya raba da ita. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Shi dai burinsa guda: fiffiken ya warke, ya mayar da ita tafki, inda mijinta ke kan giginya yana kira kullum safiya.

Ta fara buɗe fiffike ke nan, sai ga motar ɗan takara a ƙofar gida. Babban yaronsa ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, aron tsuntsuwag ga muka so, yini guda. Jama'a su gani su san maigida sama yake."

"Ɗana, ba ta jimirin rana," in ji Baba.

"Haba Baba! Kamar ƙwai za mu riƙe ta."

Mai unguwa na tsaye yana gyaɗa kai. Talaka ya ce a'a a gaban wa? Baba da hannunsa ya kwance ta.

A kan rufin mota suka ɗaure ta, ga amsa-kuwwa na ihu a kunnenta. Daga Shagari har Bodinga, ana kiɗa, ana kirari, ba wanda ya tuna da ruwa. Tir! Waɗanda suka gani sun ce kafin la'asar kanta ya langaɓe, suka tokare shi da kara don kada taro ya gane.

Washegari yaron ya dawo mana da igiyar da aka ɗaure ta da ita, har da cewa sai haƙuri, kwananta ne ya ƙare. Wallahi ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ɗan takara ya ci zaɓe. Kaka ba ta ƙara yi mana tatsuniyar nan ba. Baba kuwa, duk da yunwar da muke ciki, ya bar zuwa kamun kifi. Inna ta tambaye shi dalili, ya ce na kan giginya bai daina kira ba, shi kuma ba shi da abin da zai gaya masa.