Ranar da Kawu Ya Hau Rufin Mutane

Shagon da nake cajin waya a Birnin Gwari na kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ya ba ni aronsa bayan ya baro ƙauyensu a wajen Randagi, lokacin da daji ya ɓaci. Na ajiye talabijin da na'urar gem a ciki, samari suna zuwa bugawa. Da wannan nake ci, da shi nake shirin aure.

Gem ɗin da ya ja mini magana na gudu ne a saman gidaje. Ba ka ganin mai gudun, sai hannuwansa da ƙafafunsa, kamar kai ne. Ka taka bango, ka kama bututu, ka dira kan rufin wani. To sai samarin unguwa suka fara gwadawa da jikinsu, har wani ya burma ta rufin akurkin maƙwabciyarmu. Ita kuwa bakinta ba ya shiru. Kafin azahar ƙara ta isa gun Kawu.

Ya zo da carbinsa, ya zare makullin daga jikin ƙofa ya sa a aljihu, ya zauna a benci.

"Kunna mini makarantar ɓarayin in gani. In abin da aka faɗa ne, yau za ka kwashe komatsanka."

Na kunna. Hannuwa biyu suka bayyana a kan allo.

"Ina kansa?"

"Kawu, ai mai kallo ne kan. Wato kai ne."

"Ni? A'uzubillahi! Waɗannan hannuwan da ba su taɓa riƙe fartanya ba?"

Na tura mutumin ya kama tsani. Kawu ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Haka ake hawa sama a garinsu? Babu sanarwa? In akwai mata a tsakar gida fa?"

A wajenmu ko gyaran kwano za ka yi, sai ka ɗaga murya maƙwabta su ji, mata su kintsa. Na ce, "Kawu, babu kowa a ciki, zane ne kawai."

"Kai ka leƙa ka gani?"

Wallahi sai da na faɗa. Ni da gemuna, rimot a hannu, na dubi talabijin na ce, "Za a hau sama!" Mai shayin da ke gefenmu ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wanda makulli ke aljihunsa ba a yi masa musu.

Haka muka ci gaba. Duk taga sai na yi sallama, mu jira amsa. Babu mai amsawa, Kawu ya ce to a koma, gidan da ba a amsa ba ba a shiga. Na bi da mutumin ta kan igiyar shanya, ya ce in ba masu kayan haƙuri. Gem ɗin da aka yi domin gudu, sai ga ɗan tseren yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Da muka zo gefen wani dogon bene na sa ya leƙa ƙasa, Kawu ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ya riƙe benci da ɗayan.

"Ja da ni baya, ɗan nan, jiri nake ji!"

Da ni, ya ce. Na ji, na ja mutumin baya.

Ana cikin haka masu bin sawun ɗan tseren da bindigogi suka iso. Dama gem ɗin ba ya jiran mai nawa. Ƙofa ta ɓalle a bayanmu, aka fara harbi, gefen allo ya yi ja. Gabanmu katangar wani gida ce. Na buɗe baki zan yi sallama.

"Haura!" Kawu ya daka mini tsawa. "Haura mana, sakarai! Wa ke sallama yanzu?"

Na haura. Ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi ƙasa. "Hagu! Kada ka bi fili, bi jikin bango! Sunkuya!" Muka keta ɗakin mutane, muka fita ta taga, muka taka rufi bayan rufi, yana ɗaga ƙafa duk lokacin da na yi tsalle. Ban taɓa buga gem ɗin da kyau irin na ranar ba. Har muka dira wani rufi mai faɗi, harbi ya yanke.

Kawu ya zauna yana haki, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Da farko dariya ta so kama ni. Da na dubi fuskarsa sai ta koma.

"Abin nan," ya ce a hankali, "ana iya waiwayawa da shi?"

"Ana iyawa, Kawu."

"Waiwaya mini."

Na juya mutumin. Babu komai a baya sai rufin kwano da katangar da muka hauro. Kawu ya daɗe yana kallo.

"Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana ƙauye, ta gidan maƙwabcina na haura. Yana bayana, ina jin numfashinsa. Ban waiwaya ba sai da na kai rafi."

Duk gidanmu mun san maƙwabcin nan bai fito ba, amma ban taɓa jin zancen daga bakin Kawu ba. Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Allah ya jiƙansa." Ya ce amin.

Ya ɗauki carbinsa, ya ciro makullin ya ajiye a kan benci.

"Ka je ka gyara wa matar nan akurkinta. Samarin kuma ka bar su su koya. Amma ka gaya musu, in mutum ya hau katanga, ya miƙo wa na baya hannu."

Na ce to. Ban gaya masa cewa gem ɗin mutum ɗaya ne ke gudu a cikinsa ba.