Kitson Da Ya Cinye Min Hannu

Edita, ni mai kitso ce, ko in ce a da. Ina budurwa na baro ƙauyenmu na kudancin Kaduna, na sauka wurin yayata a Unguwar Boro, na samu aiki a wani shagon gyaran gashi a Sabon Tasha. Matan da ke zuwa shagon sun yi imani cewa kitson da bai sa ciwon kai ba bai kitsu ba, ni kuwa ba wanda ya kai ni iya ja. Mace za ta shigo ta ce ita sai yarinyar nan mai ƙarfin hannu, Madam mai shagon ta washe baki, ni kuma kaina ya kumbura. Kai, wauta ba ta da magani!

Ciwon ya fara daga babban yatsa, ya hau wuyan hannu, ya kama kafaɗa. Da safe yatsuna su sandare, sai na tsoma su a ruwan zafi kafin su lanƙwasu. Na faɗa wa Madam, ta ce yaro ba ya ciwon jiki, son jiki ne kawai. In Kirsimeti ya matso, mata sun cika benci har waje, sai ta aika kemis a sayo ƙwaya da man zafi, ta ɗaure min hannu da bandeji da kanta, ta ce in daure, Janairu na nan tafe. Janairun ya zo, hutun bai zo ba. Haka muka yi shekara da shekaru, har na yi aure na haihu.

Wata safiya ina yi wa jaririyata wanka, hannuna na dama ya mutu murus. Ban ji lokacin da ya saki ba, sai ganin 'yata na yi cikin ruwan baho, fuska a ƙasa. Maƙwabciyata da ke shanya ce ta tsamo ta. A asibiti likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu saboda maimaita motsi ɗaya ba hutu, da na zo da wuri da sauƙi, yanzu sai tiyata, kuma bai yi alkawarin ƙarfin zai dawo ba. Na je na shaida wa Madam. Ko tsefe kan da take yi ba ta tsayar ba, ta ce: "Ayya, sannu. Ba ki da ƙanwa mai irin hannunki?"

Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi. Ina jin haushinta, ina jin haushin matan da ke cewa in ƙara ja, ina jin haushin kaina da na ɗauki kirari a bakin lafiyata. 'Yan'uwana masu kitso, teloli, masu ɗaurin ledar fiya-wata, in yatsa ya fara mutuwa ku ajiye aikin ku je asibiti. Ƙwaya rufe wa ciwo baki take yi, ba korarsa ba. Kujerata a shagon ba ta kwana biyu babu kowa ba. Ni kuwa har yanzu ba na ɗaukar 'yata sai da wani a kusa.