Ƙaryar da Yaya Sule Ya Yi a Tsafe

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana Malam Sule, wanda mutanen Bungudu suka fi sani da Sule Dispensa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin shi kansa bai ɗauki jarida bakin komai ba. In na kai masa ita sai ya ce in ajiye masa, za ta yi amfani wajen naɗe ƙwayoyi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne abin da na gani a Ruwan Bore watan jiya. Wasu baƙi ne suka zo daga ƙetare aikin taimakon lafiya na kwana goma. Na dogara sandata a gefe ina kallo, sai ga teburin nan dai irin wanda na sani a Bungudu shekarun baya, ga katin nan dai, ga mata a layi cikin rana, ga wani mai jan gemu yana zagaya su da kyamara kamar mai tayin shanu. Na koma gida ban iya cin abincin rana ba.

Na san za a ce tsufa ya kawo butulci. Ban musa cewa suna zuwa da magani ba, kuma akwai waɗanda suka warke a hannunsu. Abin da na ƙi jini shi ne mutum ya sauka a ƙasar da ko gaisuwarta bai iya ba, ya kafa doka ranar da ya zo, ya gama yanke wa mutane hukunci kafin ya ɗaure kayansa, ya tafi ya bar wa wani gyaran abin da ya ɓata. A Bungudu, wanda aka bar wa gyaran shi ne Yaya Sule.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai ne abin ya faru. Turawa uku suka zo cikin bazara, likita ɗaya da sista biyu, sun ɗauki hutu daga asibitinsu na can suka ce za su taimaki talakawa. Aka sauke su a Gusau, aka tsara musu kwana uku a Bungudu, kwana biyar a Tsafe. Ni aka ɗauka tafinta. Na yi soja, na je Indiya da Bama, na bi ta Sudan na sauke farali, ina jin Turanci da Fulatanci da Larabci da ɗan abin da ba a rasa ba na Indiyanci. Ina tafiya a lokacin da gajeren wando da safa har gwiwa, ina jin babu kamata a ƙasar Zamfara.

Yaya Sule kuwa ɗakin magani ɗaya gare shi na laka mai rufin kwano. Abin da ke ciki bai wuce aidin da ƙwayoyin zazzaɓi da bandejin da yake wankewa ya shanya ya sake naɗewa ba. Allurar fanisilin sai jefi-jefi take iso masa. Su kuwa Turawan akwati guda suka zo da ita, kuma dokarsu ita ce ba a yi wa yaro allura sai uwarsa ta tsaya gaban tebur, ta ce nata ne, ta faɗi sunansa a rubuta a kati.

Ranar farko wata Bafulatana mai suna Adama ta zo daga rugarsu da ke bayan Karakkai, da 'yarta Dije mai shekara kamar bakwai. Yarinyar tana da gyambo a ƙauri, faɗin tafin hannu, ya ci har ana hango farin ƙashi. Yaya ya duba ya ce mini in aka ƙara mako guda ba allura, sai dai a kai ta Gusau a yanke ƙafar. Mijin Adama ya yi kudu da shanu, kakar yarinyar ba ta gani, shi ya sa ita ta kawo ta. Wani mai icce ya gaya mana ya gan ta a hanya goye da yarinyar tun daga ruga, amma da ta hango gidajen gari sai ta sauke ta, ta roƙi wata mata ta ƙarasa da ita. Dije 'yar fari ce. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da wannan ke nufi, balle a wajen Fulani: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne, ko da zuciyarta za ta tsage. Aka ajiye Dije a gindin tsamiya, Adama ta zauna can nesa ta ba ta baya.

Da layi ya zo kanta, sistar ta ce in tambaye ta ko 'yarta ce. Na tambaya da Fulatanci. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta gidanmu ce." Na juya wa sista haka. Sunanta fa? Adama ta ce, "A tambayi wani." Na juya haka, ban ƙara ko kalma ba. Yaya ya matso da ɗan Turancinsa na dispensa ya yi ta fama yana bayani, har likitan ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne. A nan ne na yi abin da har yau nake istigfari a kansa. Na yi dariya, na ce wata tsohuwar al'adar daji ce da ta kusa mutuwa. Ban so ya haɗa ni da su ba. Likitan ya gyaɗa kai ya ce to yau za a taimaka mata ta mutu. Uwar da ba za ta iya faɗin sunan 'yarta ba, in ji shi, tana bukatar darasi, kuma kati na nan yana jiranta duk lokacin da ta shirya buɗe baki.

Ni da na zauna a Indiya na ga matan da ba su faɗin sunan mazajensu har su mutu, kuma hafsoshinmu Turawa sun san da haka, ba wanda ya hana su magani. Daga baya na je Ingila, na halarci jana'izar wani, matarsa ta tsaya ƙyam ba hawaye ko ɗigo, aka ce mini wannan ita ce tarbiyya. Tasu kunyar tarbiyya ce, tamu taurin zuciya. Rabin wannan na san shi tun ranar, amma ban gaya wa likitan ba.

Da aka tashi, Yaya yana wanke almakashi bai ko dube ni ba ya ce, "Garba, harshe nawa kake ji?"

Na ce, "Biyar, Yaya."

Ya ce, "To, yau na ga amfaninsu."

Kwana uku Adama tana zuwa, kwana uku ana yi mata tambaya ɗaya. A rana ta uku na ga ta buɗe baki, matan rugarsu suna tsaye a bayanta, ta kasa. Na je wa likitan da maganar da ya kamata in yi tun farko, ya ce ai ni na gaya masa al'adar ba ta da ƙarfi. Yaya ya roƙi a bar masa kwalba ko biyu, aka ce an ware sauran don mutanen Tsafe. Suka loda akwatinsu, na hau gaban mota tare da su.

Kwana biyu da fara aiki a Tsafe, ina tsaye bakin tebur sai na hango Yaya cikin layi. Motar gyaɗa suka hau zuwa Gusau, suka sake wata zuwa Tsafe. Yana ɗauke da Dije an ɗaura mata sabon zane da kallabi, a gefensa matarsa Ladi, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Adama na can gindin wata bedi, ta juya baya. Yaya ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Da ya zo kusa ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Abin da munka faɗi shi za ka faɗi, kada ka ƙara, kada ka rage. Ai ka iya wannan."

Ɗaya sistar ce a tebur ranar. Ta yi tambayarta, Ladi ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Ɗiyata ce. Dije sunanta. Ni na haife ta, ni na yaye ta." Na juya daidai. Aka rubuta kati. Likitan ya zo ya kwance bandejin, ya ɓata fuska, ya yi faɗan me ya sa ba a kawo ta da wuri ba. Bai gane yarinyar ba, bai gane mutumin da ya kwana uku yana miƙa masa auduga ba. Fuskokinmu duk ɗaya suke a wurinsa. Ya soka allurar, sannan ya dubi Ladi ya ce in gaya mata ita ce uwa ta gari, da ma wannan matar ta Bungudu za ta zo ta ga yadda ake yi.

Ladi ta ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce ki riƙe ta da kyau."

Dije ta sami allura har ranar da suka tashi. Suka koma ƙasarsu, na tabbata sun ba da labarin uwa mai taurin zuciya a wuraren cin abinci har suka tsufa. Yaya ne ya yi wata huɗu yana wanke gyambon nan safe da yamma a zaurensa. Ƙafar ta tsira, amma kwana biyar ɗin da aka ɓata sun ci rabonsu: jijiyar ta ƙage, Dije ta tashi da ɗingishi. Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ko cikin wasa ba, ya gaya mini daga baya cewa ƙarya ɗaya ya yi a aikinsa, ya nemi gafarar Allah, kuma in ranar ta dawo zai sake.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga na Ruwan Bore. Ba zai yi zagi kamar yadda nake yi ba, ba halinsa ba ne. Zai je ne da kwanon wanke ciwonsa ya tsaya, ya tambaye su wa zai cire zaren ɗinkin in sun tafi, wa zai bi waɗanda aka ba rabin magani, wa suka tambaya kafin su kafa dokar layi. Ni na yi tambaya ɗaya kawai. Na ja tafintansu gefe, wani ɗan Gusau mai digiri da tabarau, na ce ko ya gaya musu zancen 'ya'yan fari, don na ga mata biyu sun zauna nesa da yaran da suka kawo. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai an daina wannan tun zamaninku." Na dube shi, na rasa wanda zan mara, shi ko ni. Baƙo yana da uzurin jahilci, ko da yake uzurin ya tsufa, tun da shekara talatin da wani abu sun isa a koyi tambaya. Namu na gida da ke tsaye tsakani yana jin kunyar uwarsa, shi ba shi da uzuri ko ɗaya.

An rushe ɗakin Yaya tuni, an gina wani na siminti, ba a rubuta sunansa ko a bayan ƙofa ba. Bai bar ɗa ba, bai bar gona mai yawa ba, Ladi ma ta bi shi bayan shekara huɗu. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. In an ce in nuna abin da ya rage nasa, sai dai in faɗi abin da ya faru ranar sadakar uku. Muna zaune a ƙofar gida sai ga wata mata ta ɓullo ta hanyar Karakkai, tana ɗingishi, ƙura har gwiwa. Dije ce, ta zama uwar 'ya'ya. Ta shiga ta yi wa Ladi gaisuwa, ta daɗe, ta fito za ta koma. Na ce ta dakata, ga motar wani abokina za ta rage mata hanya, tafiyar ta yi mata yawa.

Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, "A bari, Baffa. Ƙafar tasa ce. Da ita na zo mishi, da ita zan koma."

Na tsaya ina kallonta har ta sha kwanar kasuwa. Ba ta tsaya hutawa ba.