Dirar Kawu Labbo

Ku matso kusa, ku da kuka san Bungudu tun kafin kwano ya hau rufin kowa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Zancen Kawu Labbo nake so mu yi. Na san da jin sunan wasunku sun fara murmushi. Ku yi abinku, shi ma bai taɓa hana kowa dariya ba. Amma ku bar ni in kai ƙarshe.

Kun dai tuna yadda yake sauka. Mutum ne da bai iya saukowa daga kan komai kamar sauran bayin Allah ba. Daga jaki ne, daga bayan motar auduga ne, daga dakalin masallaci ne, sai ya haɗe ƙafafu ya diro, ya ɗaga hannuwa sama, ya sandare kamar an kafa shi. Ba zai motsa ba, sai dai ka ji ya ce, "Nawa kunka ba ni?" In ba wanda ya tanka, haka zai yi ta tsayuwa, jakin ya yi gaba abinsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. An kai ni riƙo gidansa ina ƙarama, don shi da matarsa Inna Ige duk abin da suka haifa ƙasa ta karɓe, ba wanda ya kai yaye. Gida ne mai shiru. In ba ƙarar mazarin Inna ba, sai ƙarar Kawu yana faɗowa daga wani wuri.

Daga yaƙi ya kwaso abin, inda ya yi soja har ya kai kofur. Ya ce a barikin da aka tara su kafin a maido su gida, akwai wani sajan Bature mai koya musu motsa jiki. Shi ya nuna musu majigin wani babban taro da ƙasashen duniya ke yi, kowace ƙasa ta turo gwanayenta. Da masu gudu, da masu iyo, da masu dambe, amma idon Kawu bai ga kowa ba sai masu alkafura. Ya ce wasan kashi-kashi ne: akwai na ƙasa, akwai na tsallake dokin katako, akwai na lilo a zobba, akwai na sanduna. Alƙalai na zaune a gefe, kana gamawa su yanka maka maki, goma ce ƙarshe. Wanda ya fi kowa a rataya masa lambar zinariya, mai bi masa azurfa, na uku tagulla, sauran su koma gida da ciwon jiki.

"Tashi sama ba wuya, Kulu," yake ce mini, "ko akuya ta iya. A dira ake gane gwani. Ƙafa ta motsa ko da faɗin yatsa ne, sun zabge miki."

Lambar da aka ba shi ta yaƙi kuwa, a gindin asabarin ɗaki ya ɗaure ta don kada iska ta riƙa ɗaga shi. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Wagga ta kowa ce. Duk wanda bai mutu ba an ba shi, har mai dafa mana wake. Ni wadda mutum ɗaya ke samu nake so."

Da yake wasan ba ya yiwuwa sai da alƙali, sai ya naɗa Inna Ige. Tun daga ranar bai ƙara kiranta da wani suna ba sai Alƙali. Ita kuwa ba fita take ba, kuma ko a tsakar gida ba ta kallonsa. Zai hau rumbu ya ɗebo dawa, ya jefo damin, ya biyo shi da alkafura, tim.

"Alƙali, nawa?"

"Uku."

"Ke ko ɗaga kai ba ki yi ba."

"Na ji da kunnena. Mai goma ba ya kaɗa mini ruwa a randa."

Haka suke kullum. Uku, huɗu, ranar Sallah biyar. Ya yi ta mita yana cewa an ba shi azzalumin alƙali, amma gari na wayewa ya sake hawa rumbu.

Kayan wasan duk a gida ya haɗa su, don Kawu da sayen abu ba su taɓa shiri ba. Wata safiya Inna ta nemi turminta ta rasa. Can ta hango shi kwance a kan duwatsu, an ɗaura masa akumarin jaki.

"Kofur, mi turmina ke yi da akumari?"

"Ba turmi ba ne yanzu. Doki ne."

"To ka ce wa dokin ya daka maka gero. Ni kam na zauna."

Ta zauna ɗin kuwa. Har azahar ba a hura wuta ba. Sai da cikinsa ya fara ƙugi aka yi sulhu: da safe turmi, bayan la'asar doki. Har turmin nan ya tsage aiki biyu yake yi.

Zobba kuma maƙeri ya lanƙwasa masa daga wata tsohuwar garma. Ya rataye su a reshen tsamiyar ƙofar gida da igiyar gugan da muka daina amfani da ita. Inna ta ce, "Igiyar da ta gaza da guga, ita za ta ɗauki ƙato?"

Ya ce, "Guga ba shi da dabara. Ni na san yadda nake raba nauyina."

Ku riƙe zancen igiyar nan, za mu dawo kanta.

Wata rana ya ce a can wurin taron mutane ba iyaka ke kallo, dole idonsa ya saba da jama'a. Sai ya shirya ya tafi Tsafe ranar kasuwa. Ni ban je ba, amma maƙwabcinmu mai sayar da hatsi yana wurin, kuma ya shekara yana ba da labarin. Kawu ya share fili kusa da mahauta, ya tuɓe riga, ya yi tafiya da hannuwa, ya kifa alkafura a jere, ya dira, ya ɗaga hannuwa. To mutanen Tsafe ba su san zancen maki ba. Abin da suka sani, in mutum ya yi wasa a kasuwa, a yi masa liƙi. Mai kalangun mahauta ya matso ya fara zuga shi. Wata tsohuwa mai fura ta manna masa kwabo a goshi, da ma ga zufa, ya kama ɗam. Wasu suka biyo. Wani na tambaya ko yana sayar da maganin da ya sha. Shi kuwa dokarsa ta ɗaure shi, ba a ba shi maki ba, ba shi da ikon motsi. Yana tsaye hannuwa a sama, goshi cike da kwabbai, kunya ta hana shi buɗe baki. Sai da maƙwabcin namu ya ratso jama'a ya ce, "Shida, Kofur, shida," sannan ya sauke hannuwa. Ya kakkaɓe goshinsa, ya bar wa mai kalangu komai a ƙasa. Mutumin da ya ƙi sayen igiya.

Da ya dawo ya ƙi tuwo. Ya zauna a bakin ɗaki yana kallon ƙasa.

"Sun maishe ni maroƙi, Alƙali."

"Wa ya aike ka?" Ta tura masa akushi da ƙafa. "An ce shida anka ba ka. Ashe maki na da arha a Tsafe. Ci, mai shida."

Ya ci.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani Baturen makaranta zai zo Gusau ya zaɓi gwanayen wasa, a kai su Kaduna, daga can Ikko, wanda Allah ya ciyar a sa shi a jirgi ya ƙetare ruwa zuwa irin taron nan. Kawu da rani yana ɗaukar kaya a gidan gurzar auduga na Gusau, a can ya jiyo. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta kwanakin nan ba. Ya sa aka wanke gajeren wandonsa na soja. Ya sa wanzami ya aske masa furfurar da ta fara fitowa. Har ƙusa ya buga a bangon ɗakin Inna, ya ce nan za a rataye lambar, don ita ce za ta riƙa goge ta.

Ranar da aka yi zaɓen, da la'asar ya dawo a bayan mota. A ranar ne kaɗai na ga ya sauko kamar kowa, ƙafa ɗaya sannan ɗaya.

Shi da bakinsa ya ba mu labari. Ya ce filin cike yake da samarin makaranta, ana gudu, ana tsalle, ana jifa da mashi. Ya jira har aka gama, ya je gaban Baturen ya ƙame, ya yi bayani ta bakin tafinta. Baturen bai wulaƙanta shi ba. Ya ce masa irin wannan wasan ba ya cikin abin da aka aiko shi ya zaɓa, ƙasar nan ba ta tura kowa a kansa, ba kaya, ba masu koyarwa. Kawu ya ce to a bari ya nuna ko sau ɗaya. Aka bar shi. Samarin suka fara da dariya, ganin mutum ya haura arba'in da wandon yaƙi. Da ya juya a sama sai dariyar ta tsaya. Ya dira, ya ce ƙafarsa ko gezau. Ya nemi maki. Baturen ya tafa masa, ya ce gaskiya shi gudu da tsalle ya sani, bai san yadda ake yanka maki a wannan ba.

Kawu ya dubi Inna ya ce, "Kin ji. Duk lardin Sakkwato alƙali ɗaya ne, shi ma yana ɗakina yana kaɗi."

Mun yi dariya, ni da ita, don ya so mu yi. Ƙusar nan kuwa ba wanda ya cire ta. Inna ta riƙa rataye mazari a kai.

Na ɗauka daga nan zai bari. Bai bari ba, sai dai ya daina zancen jirgi. Ya koma tsakanin rumbu da tsamiya, yana neman abu ɗaya tak, goma daga bakin Inna Ige. Ita kuma ta ƙi. Har na taɓa jin haushinta. Muna surfe na ce, "Inna, mi zai rage ki in kin ce goma? Ba ki ga yadda ya koma ba?"

Ba ta daina daka ba. Ta ce, "Ke ba ki ga yadda ya dawo daga yaƙi ba. Sai ya yini a ɗaki yana kallon bango, ba ci ba magana. Ga kaburburan yara. Wanga shirmen ne ya fito da shi tsakar gida. In na ba shi goma yau, gobe mi zai tashi nema?"

Ban ƙara yi mata zancen ba.

Igiyar ta tsinke da damina. Ruwa ya jiƙa ta, rana ta busar, shekara da shekaru. Yana kife a sama, kai a ƙasa, ta ce ɓal. Ƙugunsa ya bugi saiwar tsamiya. Da aka shigo da shi a kan ƙyaure, maganarsa ta farko ita ce, "Kada a sa wannan a lissafi, kaya ne sunka gaza." Mai ɗori ya zo daga Ruwan Bore, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin bai koma daidai ba. Ya kwanta har aka yanke gero. Mutumin da ƙasa ba ta isarsa, sai ga shi sai an juya shi. Gidan ya koma shirunsa na da. Randa ta daina kaɗawa.

Wata hantsi, ya rame har ba a son kallonsa, ya ce in kama shi ya zauna a bakin gado. Gadon kara ne, tsayinsa bai kai gwiwa ba. Ya ce in sake shi. Ya haɗe ƙafafu, ya zamo, ya tsaya a ƙasa yana rawa kamar karan dawa, ya ɗaga hannuwa iyakar inda suka iya kaiwa.

"Alƙali."

Karo na farko Inna ta ajiye mazari ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Goma."

Ya ɓata rai. "Ki riƙe tausayinki. Ƙafar hagu ta ja, ni da kaina na ji. Shekara nawa kina aiki da gaskiya, sai yau za ki ɓata alƙalanci?"

Ta goge ido da gefen zane. "To, bakwai."

"Yanzu kinka yi magana," ya ce. "Bakwai. Ban taɓa kaiwa nan ba. Saura uku." Muka maida shi gado yana murmushi.

Bai sake sauka ba. Kafin a gama sussuka Allah ya karɓi abinsa.

Mata ba sa bin makara, kun sani. Muna zaune a ɗaki har maza suka dawo daga kushewa. Maƙwabcinmu mai hatsi yana cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. Da ya tsaya a bakin ƙofa don yi wa Inna gaisuwa, sai ta yi magana daga bayan asabarin nan mai lambar yaƙi.

"Malam, da kunka sauke shi, ƙafafun a haɗe suke?"

Ya ce, "A haɗe, Inna."

"Ba wadda ta motsa?"

"Babu."

Ta ce, "To." Na jira in ji sauran. Ba ta ƙara komai ba, ranar ko bayanta, har ita ma ta bi shi.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya dira a wuri mai taushi, ya haɗa shi da yaransa da suka riga shi. Allah ya jiƙan Inna Ige, ya saka mata da abin da ta riƙe a ciki ba ta faɗa ba. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ni ba alƙali ba ce, ba a naɗa ni ba. Amma ku da kuka sha tsayawa kuna kallonsa a ƙofar masallaci, hannuwa a sama, yana jiran wani ya tanka, yau ga shi ya dira, bai motsa ba. Nawa kuka ba shi?