Carbin Ya Saliha da Akwatin Yamai

A Shetimari, unguwar masu tattasai, kowa ya san Ya Saliha da carbinta baƙi. Ba don yawan wuridi ba. Shekara tara ke nan tun ranar da mijinta, Ba Maina, ya zube a bakin kogin Komadugu yana jan tiyon ban-ruwa. A asibitin Diffa aka ce zuciyarsa ce ba ta bugawa daidai, takan yi sauri, takan yi tsallake. Aka ɗora shi kan ƙwaya, ɗaya safe ɗaya yamma, har iyakar rai.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta nuna wa Saliha inda za ta aza yatsu a wuyan hannunsa. Sauran dabarar tata ce. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai ta mai da carbi ma'auni: kowane bugu ƙwayar carbi ɗaya, har siririn hannun agogo ya kewayo. In ta wuce alama ta biyu da kaɗan, lafiya lau. Kullum bayan asuba yakan miƙo mata hannu, bakinsa yana kan maganar farashin buhu, ita kuwa tana jin abin da bai faɗa ba.

Sai ɗansu Tahir ya zo daga Yamai da wani ɗan akwati mai zani da ake ɗaurawa a damtse. Ya matsa, akwatin ya yi huci, ya fito da lambobi, har da na bugun zuciya.

"Inna, kin huta ke nan," in ji Tahir.

"Na ce maka na gaji?"

Ba Maina kuwa kamar an ba shi doki. Ya ɗinka wa akwatin jaka, yana fita da shi gindin bishiyar bedi yana auna tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya. Da asuba hannun ya daina zuwa. Saliha takan ji hucin abin daga madafa, ta ƙara wa turmi ƙarfi. Ran nan ta tsinci kanta tana fatan batirinsa ya mutu, ta yi istigfari, amma ba ta janye fatan ba.

Azumi ya kama. Ba Maina, ba shawara da kowa, ya haɗe ƙwayar safe da ta yamma yana sha tare in an sha ruwa, wai kada ya manta da sahur. A rana ta shida ya shigo gida yana fara'a.

"Hajiya, arba'in da biyu! Kullum raguwa yake. Zuciyar saurayi ke nan, ba gaggawa."

"To, Malam, akwati ya fi ni sani."

Ta faɗa ta juya. Amma ta ga yadda ya dafa bango kafin ya zauna. Ta yi ta kai-kawo da buta a hannu, zuciya na ce mata bar shi da abokinsa. Da la'asar, tana zuba masa ruwan alwala, ta cafke hannun ba sallama. Ta zaro carbi. Agogo ya kewayo, yatsanta ya wuce alamar farko da ƙyar, kuma tsakanin bugu da bugu akwai rami mai faɗi, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Tashi. Diffa za mu."

"Yanzu? Da azumi a baki?"

"Ko da ƙafarka, ko a kwance. Zaɓi."

Likita ya riƙe shi kwana biyu, ya tsara masa ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa baki, ya yi masa faɗa son ransa. Saliha ta gyara zama tana jiran a la'anci akwatin. Sai likita ya ce ai na'urar ba ta yi ƙarya ba, har wata ƴar alamar gargaɗi take ta ƙyaftawa, ba wanda ya iya karanta ta. Wannan magana ba ta yi mata daɗi ba, har yau ba ta maimaita ta in tana ba da labarin.

Yanzu da asuba Ba Maina yakan ɗaura akwatin a hagu, ya miƙa mata dama. Abin ya yi ta hucinsa, ita tana jan carbi, ido a kan agogo. In ya faɗi lambarsa, sai ta kai ƙarshen nata lissafin tukuna.

"Yau ya yi daidai," takan ce. "Yana koyo."