Manhajar Shaidar Shanu

Shekara biyu kafin 'yan bindiga su shiga Mubi, wani dattijon dillali a kasuwar shanu, abokin mahaifina, ya ce in yi masa manhajar kwamfuta. So yake a ga hoton saniya a allo, a taɓa cinya ko kunne a zana shaidar mai ita, a rubuta sunansa. Ruwa ya ci rabin littafinsa, ya daina yarda da takarda.

Kayan gina manhajar iri uku ne a gabana. Na asali ya fi kuɗin bijimi. Akwai na kyauta, wanda wani malamin kwalejin fasaha ya ce in ɗauka, don kowace kwamfuta tana karanta abin da aka ajiye da shi. Amma sai na yi kwanaki a shagon intanet ina saukewa, in kuma zauna in koya. Na yi ƙyuya. Na sayi faifan sata a bakin tasha, kuɗin kwanon shinkafa, na ce wa dattijon na asali ne. Na kuma kulle manhajar ta yadda kwamfutarsa kaɗai za ta buɗe ta, don kada sauran dillalai su kwafa kyauta.

"Ɗana, in injin ya mutu fa?"

"Baffa, ai ba ya mutuwa haka kawai."

Da gari ya watse, kwamfutarsa ta ƙone a shago. Tawa na baro ta, da faifan, da duk rubutun aikin. Shi kuwa ya tsallaka Kamaru a ƙafa, filashin da aka kwafe bayanan shanun a kai yana cikin hularsa.

Bayan mun dawo ya zo da wani makiyayi daga Kolere. Mutumin ya ga shanunsa bakwai a hannun wani, an ce ya kawo hujja kafin ranar kasuwa, in ba haka ba a loda su zuwa Kudu.

Kwana huɗu ina gwadawa. Na samo wani faifan, ya ƙi hawa sababbin kwamfutoci. Bayanan suna nan, amma makullin da na sa da hannuna ya hana. Na faɗa musu gaskiya duka. Baffa ya sunkuyar da kai.

Makiyayin ya nuna filashin. "Malam, shaidata tana ciki?"

"Tana ciki."

"To, fito da ita mana."

Ban iya ba. Ranar kasuwa aka loda shanun makiyayin yana tsaye. Na nemi gafararsa sau biyu. Har yau bai ce ya yafe ba.