Malam Abdulbaƙi, Injiniyan Da Ya Tambayi Mai Shara

Ranar Talatar da ta wuce ina tsugune a bakin famfo ina wanke bokitin mofa, Sista Hadiyya ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba Gaji, kin ji mutuminki zai ajiye aiki?" Na ce wane mutumin nawa. Ta ce, "Mutum nawa gare ki a asibitin nan? Injiniya mana. Ƙarshen wata zai koma Miga. Ya ce idonsa ya gaji da ƙananan rubutu, gonarsa yake so." Na miƙe ban ko kashe famfon ba. Ta ce za a yi masa walima, duk mai magana ya ba da sunansa. Na ce ni a gaban taro harshena ɗaurewa yake yi, amma wallahi zan rubuta, kuma sai an karanta. Tun ranar nake murna kamar ni za a yi wa walimar, don na daɗe ina neman inda zan faɗi abin da bawan Allah nan ya yi mini.

Sunansa Malam Abdulbaƙi, amma a asibitin kuɗin da nake shara a nan Dutse kowa Injiniya yake ce masa. Shekara goma sha bakwai yana kula da kwamfutocinmu. Litinin da Alhamis ne ranakunmu, sauran ranakun yana wata makaranta a Kiyawa da wani ofis a Ringim. Ƙarfe bakwai da rabi za ka ji tsohon mashin ɗinsa a bakin get. Ya sauko da baƙar jakarsa, ya gaisa da mai gadi tukuna, ya gaishe mu masu shara ɗaya bayan ɗaya da sunanmu, sannan ya wuce ɗakin saba. A bakin ƙofa yake cire takalmi, ya ce ƙura ce ajalin na'ura.

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke cikin wannan ɗan ɗaki mai sanyi. Katin kowane mara lafiya yana cikinta. Duk kwamfutocin asibitin da waya aka haɗa su da ita, kuma ba mai buɗe ko ɗaya sai ya sa sunansa da kalmar sirrinsa ita sabar ta yarda da shi. In ta ƙi ka, ko kai ne likita, sai dai ka zauna kana kallon allo. Ni kaɗai ce cikin masu shara aka ba makullin ɗakin.

Kowa yana da nasa labarin a kansa. Mai gadi ya ga ranar da ɓera ya cinye waya a silin, Injiniya ya hau ciki da rarrafe da tsakar rana, ga azumi a bakinsa, ya sauko fari fat da ƙura yana dariya. Indo ta ɗakin kati ta ce sau goma sha ɗaya tana mance kalmar sirrinta a watanta na farko, bai taɓa ɓata mata rai ba, sai dai ya ce, "Hajiya Indo, yau ma mun yi baƙuwar mantuwa?" Sista Hadiyya ta ga daminar da rufin ɗakin saba ya yi yoyo, ya ɗora ta kan benci ya tsaya riƙe da lema har kafinta ya zo. Nawa labarin ya fi na kowa, don ni aikina da mutuncina ya tsamo.

Bara Allah ya yi wa maigidana Malam Idirisu rasuwa, ya bar ni da 'ya'ya huɗu. Har yau in na ji tari irin nasa a layin kati sai na waiga. Na gama takaba na koma aiki ranar wata Litinin, kuma aikin nan shi ne tukunyar gidanmu, ba wata. Na share ɗakin saba da sassafe kamar kullum, na goge, na kulle. Ƙarfe takwas ma'aikata suka kunna kwamfutoci, sai hayaniya ta tashi. Ta ɗakin kati ta ƙi sunan Indo. Ta wurin ba da magani ta buɗe lafiya lau. Ta likita ta ƙi. Mata masu awo sun cika baranda, ba a iya fito da katin kowa, sai aka koma biro da takarda. Injiniya kuwa yana Miga yana jinyar mahaifiyarsa, wayarsa ba ta shiga.

Talata ma haka, sai dai waɗanda suka buɗe jiya yau su suka ƙi. Laraba haka. Sakataren asibitin, Malam Zailani, ya tsare ni a baranda a gaban masu awo ya ce, "Baba Gaji, wata huɗu ba kya nan, ba abin da ya lalace. Kina dawowa komai ya tsaya. Kullum kina fitowa daga ɗakin nan da jiƙaƙƙen mofa sai abu ya rikice. Tunda hankalinki bai dawo jikinki ba, ai da kin ƙara hutawa a gida." Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara tara ina share ɗakin nan, ban taɓa taɓa waya ba." Ya ce, "Da can ai kina da natsuwa." Na ɗauki bokitina na wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina na fara zargin kaina, don a kwanakin nan nakan ɗora tukunya in mance ban hura wuta ba. Da yamma aka aiko mini cewa mai asibitin ya ce gobe Alhamis in kawo makulli, za a nemo wata.

Alhamis na zo da makullin a ƙulle a bakin mayafina. Ina zaune a kan dakali sai ga ƙarar mashin. Kafin ya kafe shi Malam Zailani ya tarye shi yana ta bayani, yana nuno ni da baki. Injiniya ya saurare shi har ya gama, sannan ya taho wurina ya rusuna ya yi mini ta'aziyya, ya ce Allah ya jiƙan Malam Idirisu, ya sa ya huta. Sannan ya ce, "Baba Gaji, ke ce kike shiga kowane ɗaki a gidan nan. Tunda kika dawo, me kika gani wanda ba ki bari ba?"

Ba wanda ya tambaye ni komai a kwana ukun nan. Na bi ɗakunan a kaina ɗaya bayan ɗaya. Na ce an canza labulen ɗakin allura. An kawo sabon sikeli. Ya ce, "Ci gaba." Na ce a sabon ɗakin haihuwa, can saman kabad, bayan kwalin safar hannu, akwai wani ɗan baƙin akwati mai ƙaho biyu yana ƙyafta koriyar fitila, na goge masa ƙura jiya.

Wallahi sai ya yi tsalle kamar ba mai shekara sittin ba. Ya ce, "Ƙaho biyu? Tashi ki nuna mini!" Muka ɗunguma, Sista Hadiyya da Indo na biye da mu. Malam Zailani yana baya yana cewa, "Au, wannan? Ai rawuta ce. Ni na sayo a Kano na jona ranar Asabar, don nas-nas su samu waifai, wato su yi aiki da laftof ba sai an jona waya ba, tunda wayar da aka ja ɗakin guda ɗaya ce. Sabuwa ce fil a kwalinta, me za ta ɓata?" Injiniya ya ce, "Sabuntar tata ce ta ɓata. Amma kada ku yarda da bakina, ku tsaya ku gani."

Ya zare wayar akwatin. Ya ce a kashe duk kwamfutoci. Sannan ya juyo ya ce, "Baba Gaji, ɗauko mofa ɗinki, ki jiƙa shi sosai, ki share ɗakin saba yadda kika saba, kowa yana kallo." Na buɗe ƙofar, na share, na goge har ƙarƙashin tebur. Aka kunna. Indo ta sa sunanta, sai ta ƙwala ihu daga ɗakin kati, "Ta buɗe!" Ta likita ta buɗe. Ta magani ta buɗe. Duka! Ya ce, "To, Baba Gaji, zauna a kan kujerar nan ki naɗe hannu." Ya mayar da wayar akwatin, aka kashe aka sake kunnawa. Indo ta leƙo ta ce, "Ta ƙi kuma." Sista Hadiyya ta tafa hannu ta ce, "To, Malam Zailani, ko daga kan kujerar ma mofa ɗin nata yana miƙa hannu ne?" Masu awo da suka taru a taga suka fashe da dariya.

Ya yi mana bayani yadda har ni na gane. Ya ce, "Kun ga layin kati? Indo ce kaɗai take ba da lamba, shi ya sa kowa ya san inda zai bi. To ku ce wani baƙo ya zo ya tsaya a bakin get da nasa lambobin yana rabawa, kuma bai san ɗakin likita ba. Wanda ya karɓi ta Indo ya ga likita, wanda ya karɓi ta baƙo ya yi ta yawo. Kowace kwamfuta in an kunna ta da safe sai ta nemi lamba. Saba ce mai bayarwa a gidan nan. Shi kuma akwatin nan daga kamfani haka yake zuwa, da nasa lambobin. Wanda ya riga amsawa shi kwamfuta take bi. Da safe ake kunnawa, da safe Baba Gaji take shara, shi ke nan laifinta."

Bai jefar da akwatin ba. Ya zauna a kan bencin ɗakin haihuwa, ya haɗa shi da laftof ɗinsa shi kaɗai, ya tura tabarau kan hanci. Ya hana shi rabon lamba, ya ba shi tasa lambar guda ɗaya da ba za ta ci karo da ta kowa ba, ya sa masa kalmar sirri doguwa, ya ce wannan na aiki ne, ba na kallon bidiyo ba. Ya mayar da wayar cikin ɗaya daga ramuka huɗu masu ruwan ɗorawa na jikin akwatin, ya bar wani shuɗin rami ba komai. Kafin azahar Sista Hadiyya ta ɗauki laftof ba waya ba komai, ta tsaya a gefen gadon wata mai jego, ta sa sunanta, saba ta karɓe ta, katin matar ya fito. Ta yi guɗa a cikin asibiti har jaririn ya farka.

Sannan ya ja Malam Zailani gefe, amma ina jin su. Ya ce, "Niyyarka mai kyau ce, kuma ga shi abin ya yi amfani. Amma a baranda ka yi mata magana, a baranda za ka gyara." Malam Zailani ya zo gaban mutane ya ce, "Baba Gaji, na zalunce ki, ki yafe mini." Na yafe. Shi ya je da ƙafarsa wurin mai asibitin ya faɗi gaskiya, aka ce in riƙe makullina. Da na ce masa zan rubuta wannan, ya ce in sa sunansa ɓaro-ɓaro, ko wani sakataren zai ji ya tambaya kafin ya jona abu.

Malam Abdulbaƙi, kai ne ka rusuna wa mai shara alhali mai biro yana tsaye yana jiran ka gaskata shi. Kai ne ka fara yi mini ta'aziyya kafin ka tambayi na'ura. Da ka ga dama ka zare waya shiru, komai ya tashi, a ce Injiniya ya gyara ɓarnar Baba Gaji, ni kuma in tafi gida da tabon. Ba ka yi haka ba, sai da ka sa na share ɗakin nan a gaban kowa. Ranar na koma gida na ce wa 'ya'yana uwarku ba ta zauce ba. Gwani mai cire takalmi, na gode. Allah ya ba ka damina mai albarka a Miga, ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da gidan Aljanna.

Ku kuma masu irin aikinsa da kuke tasowa, na san kun yi karatu mai zurfi. In kun shiga wuri ku tambayi mai gadi da mai shara abin da suka gani. Ba mu san sunan na'ura ba, amma mun san abin da ba ya nan jiya.

A bayan akwatin nan akwai wani ɗan rami kamar na allura. Injiniya ya ce in aka soka masa tsinke sai ya mance duk abin da aka koya masa, ya koma rabon lamba. Ya yanko filasta a ɗakin allura ya liƙe ramin, ya ce, "Baba Gaji, duk wanda zai soka, wurinki zai zo aron tsinken tsintsiya. Kada ki bayar." Mutum biyu sun zo, har da wani sabon likita, na hana. Kullum da safe in na shiga ɗakin haihuwa sai na taka kujera, in goge akwatin da busasshen tsumma, in danna filastar da babban yatsana in ji ko tana nan daram, sannan in sauko in ɗauki tsintsiya.